Ƙanwata tana son karanta lafiyar masu rawa a jami'a, ta wace ƙofa za ta shiga?

Yayan Ɗaliba, Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da ƙanwa a aji shida na sakandare a nan Kaduna, ajin kimiyya, kuma tana cikin ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta makarantarsu. Koroso suka fi yi, sai Suwange ta Tibi idan ranar al'adu ta zo. Da aka zo maganar cike JAMB sai ta ce ita lafiyar masu rawa take son karantawa, wato yadda ake kare su daga rauni da yadda ake jinyarsu idan sun ji ciwo. Mun duba kundin kwasa-kwasan JAMB daga farko har ƙarshe ba mu ga kwas mai wannan suna ba. Shin akwai shi kuwa? Idan akwai, me ake koyarwa a ciki, kuma wane aiki mutum zai yi da shi? Baba dai tun da ya ji kalmar rawa ya ɗaure fuska.

Sannan ga wata ƙaramar tambaya. Ƙaurinta na dama ya kai sati uku yana ciwo, musamman bayan atisaye. Mai koyar da su ya ce ta daure, jiki ne bai saba ba. Haka ne?

Fisiyo Barnawa

Wa alaikumus salam Malam. Fannin yana nan, sai dai ba a digirin farko ake shigarsa a wajenmu ba, shi ya sa ba ku gan shi a kundin ba. A ƙasashen waje Dance Science ake ce masa, wato kimiyyar rawa. Makarantar Laban da ke Landan, wadda yanzu ake kira Trinity Laban, ta fara digiri na biyu a kansa a 2001, Jami'ar Wolverhampton ma a Ingila ta buɗe irinsa. Akwai ƙungiyar masana fannin ta duniya, IADMS, wadda aka kafa a 1990, akwai kuma cibiyar Harkness a birnin Niyok na Amurka da aikinta shi ne raunukan masu rawa. Duk waɗannan gaba suke. Abin da ke gabanta yanzu shi ne digirin farko, kuma ƙofofi uku ne.

Ta farko fisiyoterafi, abin da mutanenmu ke kira gashi. Tun da 'yar kimiyya ce, ita zan ba ta shawara. A JAMB Turanci za ta zauna da fiziks da kemistiri da bayoloji, kuma sai da kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da lissafi. Jami'ar Bayero ta Kano tana yi, Jami'ar Maiduguri ma haka, Ibadan kuwa tun 1966 take ba da wannan digiri. Shekara 5 ne, a jami'o'in da suka koma tsarin DPT, wato digirin dokta na fisiyoterafi, kuma 6, sai shekara guda ta horon aiki a asibiti, sai hidimar ƙasa. Hukumar MRTB, mai yi wa masu aikin gashi rajista, ita ce ke ba da lasisi. Wannan lasisin shi ne bambancin ƙofar nan da sauran biyun: wanda ba shi da shi doka ba ta ba shi damar buɗe wuri ya ce yana jinyar mai rauni ba, ko da ya haddace ƙasusuwan jiki kaf.

Ta biyu ita ce ilimin motsa jiki da lafiya, wanda ake yi a tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, shekara 4. Wannan yana fitar da mai horarwa, mai tsara atisaye, mai auna ƙarfin jiki. Ta uku sashen wasan kwaikwayo da fasahohin dandali, shi ma akwai a Zariya, amma hanyar 'yan ajin adabi ce, na bar wa masu shi su yi bayani.

Abin da ake koya kuwa, ga shi a aikace. Ana fara wa da sanin gaɓɓai da tsoka da jijiyoyi, sannan yadda nauyi ke bi ta cikinsu idan mutum ya yi tsalle ya dira. Mafi yawan raunin mai rawa daga ƙugu zuwa ƙasa yake, idon sawu da tafin ƙafa da gwiwa, kuma galibi ba faɗuwa ce ke kawo shi ba, maimaici ne, abu ɗaya sau dubu a kan gaɓa ɗaya ba hutu.

Mu ɗauki targaɗen idon sawu, tun da shi aka fi gani. Mutum ya dira a gefen ƙafarsa na waje, tafin ya juya ciki, sai jijiyar da ke haɗa ƙashin ƙauri na waje da ƙashin sawu ta yage kaɗan ko da yawa. Ɗalibi zai koyi ƙa'idar Otawa, wadda likitocin Kanada suka fitar a 1992 don a san wa ke buƙatar hoto. Idan mutum ya kasa taku huɗu a kan ƙafar, ko aka danna bayan ƙoƙon idon sawu har tsawon santimita 6 zuwa sama ya ji zafi a kan ƙashin, ko zafin yana gindin ƙashin ƙaramin yatsa a gefen ƙafa, ko a ƙashin da ya ɗan turo ta cikin tafin, to a tafi hoto kafin komai. Idan babu ko ɗaya, a ɗaure da bandeji mai talewa ba a matse ba, a ɗaga ƙafar sama da ƙirji, a sa ƙanƙara cikin tsumma minti 15 zuwa 20 don rage zafi. Kada a murza, kada a ja, kada a gasa da ruwan zafi a kwana biyun farko, duk suna ƙara kumburi. Ƙaramin targaɗe sati ɗaya zuwa uku ne, matsakaici yakan kai shida.

Inda ake kuskure shi ne bayan kumburin ya saɓe. Jijiyar nan ba ɗauri kaɗai take yi ba, ita ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka ƙasa, kuma wannan jin ba ya dawowa da kansa. Shi ya sa za ka ga yaro ƙafa ɗaya tana ta gurɗe masa duk bayan wata biyu. Maganinsa tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30, sau uku, kullum. In ya iya, ya rufe ido. In ya iya wannan, ya hau kan filo. Sai ɗage: ya dafa bango ya ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya a hankali ya sauke, har ya kai sau 25 ba tare da ƙafar ta karkace ba. Wanda bai kai nan ba bai isa komawa tsalle ba tukuna.

Game da ƙaurin ƙanwar taka, a'a, kada ta daure. Ku gwada yau. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ka bi gefen ƙashin ƙaurin na ciki da babban yatsanka daga ƙasa zuwa sama. Idan zafin a shimfiɗe yake, ya kai faɗin yatsu uku ko fiye, kuma yana lafawa in ta huta, yawanci kumburin fatar ƙashi ne na yawan dira a kan ƙasa mai tauri. Ta bar tsalle sati biyu zuwa uku, ta koma a hankali. Idan kuwa wuri ɗaya ne tak da za ta iya nunawa da kan yatsa, yana damunta da dare ko a tafiya kawai, kuma ba ta iya ɗan tsalle da ƙafar ita kaɗai, to ana zargin tsagewar ƙashi ta gajiya. Wannan sai asibiti, sashen ƙashi ko na gashi, Barau Dikko yana kusa da ku. A sani kuma irin wannan tsagewa sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko sai bayan sati biyu ko uku, don haka hoto mai kyau ba izinin komawa fili ba ne.

Shi kuwa Baba, a gaya masa gaskiya: aikin asibiti ne. Mai shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon baya, ɗan ƙwallo, ɗan dambe, duk hannunta za su bi. Masu rawa kashi ne a ciki, kuma da wuya su kaɗai su riƙe mutum da albashi a garin nan.

Malamin Dandali

Na yarda da Malam Fisiyo a kan lasisi, amma kada a raina ƙofa ta uku. Wanda bai san rawar ba yakan ba da shawarar da ba mai bi. Ka ce wa ɗan Koroso ya daina durƙusawa ya miƙe da sauri, ai ka ce ya daina Koroso ke nan. Abin da ake so shi ne wanda zai kalli takun ya gane cewa gwiwar yarinyar nan tana faɗawa ciki duk sanda ta dira, maimakon ta bi saitin yatsa na biyu, ya san cewa tsokar gefen ƙugu ce ba ta da ƙarfi, ya gyara wannan ya bar rawar yadda take. Don haka ko fisiyo ta shiga, kada ta bar rawa. Makarantun waje ma da ke yin digiri na biyun suna duba ko mai nema ya san rawa a jikinsa.

Akwai kuma abin da za ta lura da shi idan ta fara karatu: yawancin binciken fannin a kan masu rawar bale ta Turawa aka yi shi, masu tsayawa a kan yatsu a kan daɓen katako mai lanƙwasa. Namu ba takalmi, gwiwa a tanƙware, baya a sunkuye, ana buga tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, ga akayau ko cakansami ɗaure a ƙafa yana ƙara nauyi yana gurzar fata. Suwange ƙugu da gadon baya take ci. Masu rawa a bikin Afan na Kagoro ko Tuk Ham na Kwoi sa'o'i suke yi a fili cikin rana. Duk mai neman abin da zai rubuta kundin kammala digiri a kai, ga shi nan birjik.

Babban abokin gabarmu daɓe ne. An ƙirƙiri raye-rayen nan a kan turɓaya da dandali, ƙasa mai ɗan sassauci. Yau a zauren taro ake yin su, kan siminti ko tayil. Mutum idan ya dira daga tsalle, ninki uku ko fiye na nauyinsa ke sauka a ƙafarsa, siminti kuma ba ya karɓar komai, duk ya mayar wa agara da ƙauri da gwiwa. Shimfiɗa kafet ba ya magani, ido kawai yake ruɗa. In da hali, kafinta a Panteka zai iya haɗa daɓe mai numfashi: a jera gutsattsarin roba mai kauri kamar santimita 2 zuwa 3 a ƙasa, tazarar kamar taƙi ɗaya da rabi tsakaninsu, a ɗora falle biyu na filawud mai milimita 12, na sama ya gitta na ƙasa don kada mahaɗarsu ta zo wuri ɗaya, a ɗaure da sukurori a nutsar da kawunansu, a goge saman. In babu kuɗin, a fita fili mai yashi-yashi, a share tsakuwa da kwalba, a yayyafa ruwa saboda ƙura. Atisayen tsalle a can, a bar zaure sai gwajin ƙarshe.

Sai ɗumama jiki, wanda yawancin ƙungiyoyi ba su yi, ko su yi shi a baibai. Da an zo sai a zauna a ware ƙafafu wani ya hau bayan wani yana dannawa. Tsoka mai sanyi ba a yi mata haka, kuma doguwar miƙa a tsaye cak kafin rawa tana rage ƙarfin tsalle. Minti 15 ya isa: biyar na sassarfa ko taku mai sauri har gumi ya fara tsattsafowa, biyar na juya gaɓɓai daga idon sawu zuwa wuya da lilo da ƙafa gaba da baya, biyar na takun rawar kanta a rabin saurin kiɗa. Miƙa ta bari sai an gama, daƙiƙa 30 kowace tsoka. Da hunturu a ƙara minti biyar, a kuma kula da faso, domin dunduniya mai tsaga in ta sha ƙasa sai ta yi ruwa. A jiƙa da dare, a goge kaushin, a shafa man kaɗanya ko basilin a sa safa.

Abu na ƙarshe, tsarin lokaci. Sai a yi wata biyu ba a haɗu ba, da an ji gasa saura kwana goma sai a koma awa huɗu kullum. Ƙashi da jijiya ba su saurin sabo kamar numfashi. Gara awa ɗaya da rabi sau uku a sati duk shekara. Kuma a sa taku mai haɗari, ɗaukar mutum a kafaɗa da alkafura, a farkon atisaye, ba a ƙarshe ba lokacin da ƙafa ta riga ta mutu.

Yayan Ɗaliba, Tudun Wada

Allah ya saka da alheri, Malamai. Na gwada kamar yadda aka ce, zafin a shimfiɗe yake, ya kai faɗin tafin hannu, kuma a kan siminti suke yi kullum. Ta tsaya da atisayen. Umma tana cewa a kai ta wajen mai ɗori ya duba. Sannan na lura ta rage cin abinci sosai, wai kada ta yi nauyi a wajen ɗagawa. Ko wannan yana da alaƙa?

Hajiya Mai Awon Abinci

Ɗan'uwa, wannan maganar ta ƙarshe ta fi ƙaurin muhimmanci, kuma babi ce guda a cikin karatun da take son yi. Idan abin da mutum ke ci bai biya abin da atisaye ke ƙonawa ba, jiki sai ya fara rufe wasu ayyuka don ya tsira. A mace, al'ada ce ke fara rikicewa ko ta ɗauke. Sinadarin da ke tafiyar da al'ada shi ne kuma ke tsare ƙashi, to in ya yi ƙasa ƙashi sai ya yi ta zubewa a shekarun da ya kamata a ce ana tara shi, daga balaga zuwa ashirin da 'yan kai. Daga nan sai tsagewar ƙashi ɗaya bayan ɗaya. Kwamitin Olamfik na duniya ya sa wa wannan hali suna RED-S a 2014, kuma maza ma yana kama su. Alamominsa: yawan jin sanyi, kasala, saurin fushi, mura ba ta ƙarewa, rauni ba ya warkewa.

Wannan tambaya ba taka ba ce, Umma za ta yi mata ita cikin sirri: al'adarta tana zuwa daidai? Idan ta yi wata uku ba ta gani ba, a ga likita, kada a ce ai hutu ta samu. Kuma kada kowa a gida ya yi mata maganar ƙiba ko rama da wasa.

Ga lissafi mai sauƙi, mu ce nauyinta kilo 55. Abinci mai gina jiki tana buƙatar giram 1.2 zuwa 1.6 a kowane kilo, wato giram 66 zuwa 88 a rana. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake kamar 13 zuwa 15. Sai a cike da awara, ƙuli-ƙuli, kifi, kindirmo, a raba su sau uku ko huɗu, ba a tara wa dare ba. Tuwo da shinkafa da dankali su ne man da rawa ke ƙonawa, yanke su shi ne babban kuskure. Ta ci cikakken abinci awa uku kafin atisaye, in lokaci ya ƙure ayaba ko dabino ko kunu awa ɗaya kafin. Bayan an tashi, fura da nono ta gama komai, ga hatsi ga madara. 'Yar shekara 17 tana buƙatar kalsiyam miligiram 1,300 a rana, kofin madara ko nono yana ba da kusan 300, sai a haɗa da zogale da miyar kuka da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Shayi kuma a raba shi da abinci da kamar awa ɗaya, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, 'yan mata kuwa da ma ƙarancin jini na bibiyarsu.

Ruwa ma da awo ake sha. Kusan leda ɗaya ta fiya wata awa uku zuwa huɗu kafin a fara, sai kurɓi-kurɓi a tsakani. A hau sikeli kafin atisaye da bayansa: duk kilo ɗaya da ya ragu gumi ne, a mayar da leda biyu da rabi zuwa uku cikin sa'o'in da ke biye. Raguwar kashi 2 cikin ɗari na nauyi, wato kilo ɗaya da ɗan ɗoriya a wajenta, ta isa ta sa ƙafa ta fara kuskuren taku. Fitsari in ya yi ja kamar shayi, ba a sha isasshe ba. A zafin Maris da Afrilu na Kaduna, a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a fili, a kai shi inuwa a kwarara masa ruwa a yi ta fifita tun kafin mota ta zo. Kowane ɗan ƙungiya kuma ya san jinotaif ɗinsa, domin mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila, ma yana iya faɗuwa idan zafi da ƙishirwa da gajiya suka haɗu masa. Da azumi a mayar da atisaye mai nauyi bayan an sha ruwa da awa biyu, ko bayan tarawihi, a rage tsawonsa.

Fisiyo Barnawa

Hajiya ta gama magana, kuma da wannan bayani na rage cin abinci na janye sassaucin da na yi: ko da zafin a shimfiɗe yake, ku kai ta a duba ta cikin satin nan, ku gaya wa likitan zancen abincin da bakinku.

Batun mai ɗori, a ba Umma haƙuri. Babu abin da ya goce balle a mayar, murza da tsaga kuma ƙara fusata wurin za su yi. Haɗarin da ya fi wannan shi ne ɗauri da karare a matse a kan gaɓa mai kumburi. Jini sai ya kasa wucewa, kuma sa'o'i kaɗan sun isa tsoka ta mutu. Duk wanda aka ɗaure, ko a asibiti ne, idan yatsunsa suka yi sanyi ko suka canza launi, ko suka dinga yi masa jijjiga kamar ana tsira allura, ko zafin ya wuce misali in an motsa yatsun, a kwance nan take a nufi asibiti.

Ku duba jakarta kuma. 'Yan ƙungiya suna raba wa juna diclofenac kafin wasa, wasu har tramadol. Na farkon a kan cikin da ba abinci ga ƙishirwa yana kawo gyambon ciki yana taɓa ƙoda, na biyun yana kama mutum, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Dukansu suna kashe zafin da ke gaya wa mutum ya tsaya, sai a yi rawa a kan ƙashin da ya fara tsagewa har ya ƙarasa.

Kafin ku cike fom, ta nemi izini a wani sashen gashi ta zauna kwana biyu tana kallo, ta ga masu shanyewar jiki da yaran da ake koya wa zama, domin su za ta fi gani a shekarun karatun. Fisiyo kwas ne da ake rububinsa, makin shiga yana da tsada, don haka fiziks da kemistiri su ne atisayenta na watannin nan da ƙafar ke hutawa.